Bita: Hidimar shimfiɗa silikon da zaɓin "shimfiɗar iri" a injin PECVD

Ɗakunan bincike da ke da injin PECVD (injin da ke ɗora siraran shimfiɗu daga iska ta hanyar filasma, wato iskar da wutar lantarki ta kunna), waɗanda ke karɓar aiki daga ɗalibai da masu bincike da ƙananan kamfanoni, suna da wata hidima da ake yawan nema: ka aika musu gilashi mai rufin da ke wuce da haske yana kuma ɗaukar wuta, su gina maka sel ɗin sola na silikon mai ƙananan kiristal a kansa, su dawo maka da shi tare da rahoton awo. Cikin abubuwan da za ka iya nema a ƙara akwai shimfiɗar iri, wato wata siririyar shimfiɗa da ake fara ɗorawa kafin a gina babbar shimfiɗar da ke shan haske. A kan wannan zaɓi bitar take.

Ga hukuncinmu tun daga farko. Zaɓin ya cancanci a biya shi, amma da sharaɗi biyu: a haɗa shi da sarrafa yawan haidurojin a tsawon shimfiɗar gaba ɗaya, kuma a auna kiristal daga ƙasa da sama. Idan aka rasa ɗaya daga cikinsu, mai saye zai iya karɓar rahoto mai kyawun lamba da sel mai rauni.

Abin da ake ginawa

Silikon da ake shimfiɗawa daga iskar silen (iskar da ke ɗauke da silikon) da haidurojin a cikin filasma yana fitowa iri biyu. Akwai mara tsari, wanda atom-atom ɗinsa ba su jeru ba, tazarar makamashinsa, wato mafi ƙarancin makamashin da haske ke buƙata kafin silikon ya sha shi, kusan 1.7 eV (ma'aunin makamashi). Akwai kuma mai ƙananan kiristal, wanda tazararsa ta kusa ta silikon na weifa (faifan da ake yankowa daga babban kiristal), wato 1.1 eV, shi ya sa yake shan jan haske da na bayan ja (infrared) da mara tsarin ke bari ya wuce. Vepřek da Mareček ne suka fara samar da shi a 1968, amma sai a 1994 ƙungiyar Arvind Shah a Jami'ar Neuchâtel ta Suwizalan ta nuna sel ɗin da dukkan shimfiɗarsa mai shan haske ta wannan silikon ce, da inganci kashi 4.6 cikin 100. Daga nan aka samu sel mai hawa biyu da suka raɗa wa suna micromorph, mara tsari a sama, mai kiristal a ƙasa. Babban abin da ya ja hankali shi ne wannan silikon bai cika lalacewa a rana ba kamar mara tsari, matsalar da Staebler da Wronski suka bayyana a 1977. Cibiyar AIST ta Japan ta kai sel mai hawa ɗaya na wannan nau'i zuwa kashi 11.9 cikin 100.

Sunan yana ɗan ruɗarwa, domin abin cakuɗe ne: ƙananan kiristal masu girman nanomita kaɗan zuwa 'yan gommai, sun taru sun yi ginshiƙai, tsakaninsu kuma silikon mara tsari ya cike gurbi ya toshe iyakokinsu. Wannan ciko yana da amfani. Aikin da aka yi a cibiyar bincike ta Jülich a Jamus a kusan shekara ta 2000 ya tabbatar da cewa sel mafi kyau yana fitowa ne a daf da iyakar da silikon ke shirin komawa mara tsari, inda awon Raman, wanda ake yi da hasken leza, ke nuna kason kiristal tsakanin kashi 50 zuwa 70 cikin 100. Idan kason ya haura haka, iyakokin suna zama a buɗe, iskar oksijin ta shiga, Voc (ƙarfin wutar da sel ke bayarwa idan ba a jona masa komai ba) ya faɗi. Idan ya yi ƙasa, jan haske ya tsere, wutar da sel ke bayarwa ta ragu. Sel mai kyau yana ba da Voc tsakanin milivolt 500 zuwa 550.

Matsalar da shimfiɗar iri ta zo magancewa

Kiristal ba ya tsirowa daga daƙiƙar farko. Idan ka saita injin a yanayin da ya dace da tsakiyar shimfiɗa ka kunna filasma, abin da ke fara kwantawa silikon mara tsari ne, sai daga baya ƙwayoyin kiristal su ɓullo nan da can. Kowace ƙwaya tana girma kamar mazurari, siririya a ƙasa, tana faɗi tana hawa, har su haɗu da juna. Ƙungiyar Robert Collins a Jami'ar Penn State ta Amurka ta bi wannan sauyi da awon haske a lokacin da shimfiɗar ke girma, ta nuna cewa a yanayi ɗaya tak abin yana tashi daga mara tsari, ya zama cakuɗe, ya zama mai kiristal, gwargwadon kauri. Wannan ɓangare na farko mara tsari za mu kira shi shimfiɗar kwanci, domin lokaci ne da ƙwan bai ƙyanƙyashe ba. Kaurinta na iya zama nanomita kaɗan, na iya wuce 100.

Dalilai biyu ke haddasa ta, kuma ya kamata mai saye ya san bambancinsu, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne abin da ke ƙasa. A kan gilashi tsirara ko silikon mara tsari, kiristal ba shi da abin kwaikwayo, sai ya nemi mafari da kansa. A kan shimfiɗar da ta riga ta zama mai kiristal kuwa, sababbin atom suna bin tsarin da suka tarar.

Na biyu shi ne iskar da ke cikin ɗakin injin. Kafin a kunna filasma, ɗakin gaba ɗaya cike yake da silen daidai yadda aka zuba. Da an kunna, filasma tana cinye silen da ke tsakanin farantan lantarki biyu na injin, sai wanda ke sauran ɗakin ya riƙa kwararowa cikin wurin. Na ɗan lokaci filasma tana ganin silen fiye da yadda aka tsara mata, kuma yawan silen shi ke haifar da mara tsari. Wannan na iya ɗaukar daƙiƙu goma-goma, wani lokaci minti ɗaya ko fiye, musamman a ɗaki mai faɗin ciki da ake zuba wa iska kaɗan. Yi lissafin: a gudun rabin nanomita a daƙiƙa, minti ɗaya nanomita 30 ne. Wato shimfiɗar da ta fi ta p (shimfiɗar silikon ta farko a sel) kauri, kuma ta zauna a wuri mafi muhimmanci.

Me ya sa wurin ke da muhimmanci? A sel mai tsarin p-i-n, wato shimfiɗu uku a jere (p da n sirara masu ƙarin sinadari, i mai shan haske a tsakiyarsu), haske yana shigowa ta gilashi, ya ratsa shimfiɗar p, ya shiga i. A nan bakin p da i ake samar da mafi yawan caji, kuma ta nan caji mai alamar ƙari (+) ke fita zuwa p. Idan shimfiɗa mai tazarar 1.7 eV ta tare tsakanin, ta zama katanga. Alamarta a awo: FF (ma'aunin yadda sel ke iya fitar da wutarsa ba tare da asara ba) ya faɗi, layin wuta da ƙarfin wuta ya lanƙwashe kusa da Voc, kuma idan aka auna amsar sel ga launukan haske tare da ba shi ƙarfin wuta ta baya, sai a ga amsar ta ƙaru sosai, alamar cewa cajin yana nan, hanyar fita ya rasa.

Yadda hidimar ke yin aikin

Tsarin da za ka gani a mafi yawan takardun aiki bai wuce wannan ba. Ana dumama gilashin zuwa kusan digiri 200 a ma'aunin Salshiyas, a jira zafin ya daidaita. A shimfiɗa p mai kiristal, kauri nanomita 15 zuwa 25, da boron daga iskar diboren ko TMB. Sai a zo kan shimfiɗar iri: silikon da ba a sa wa boron ko wani ƙarin sinadari ba, da silen kaɗan ƙwarai a cikin haidurojin mai yawa. Idan babbar shimfiɗa za ta tafi da silen kashi 5 cikin 100 na iskar, iri zai iya tafiya da kashi 1 ko 2, misali sccm (ma'aunin kwararar iska a minti) 2 na silen a cikin sccm 200 na haidurojin. Waɗannan lambobi misali ne kawai, domin iyakar da silikon ke sauyawa tana matsawa gwargwadon matsi da ƙarfin wuta da mitar filasma, injin 13.56 MHz da na 40.68 ko 70 MHz ba za su yi amfani da lamba ɗaya ba. Kaurin iri yawanci nanomita 5 zuwa 30 ne. Yana tafiya a hankali, amma ba ya cin lokaci: nanomita 20 a gudun 0.1 a daƙiƙa, daƙiƙa 200 ne, alhali babbar shimfiɗa mai maikromita 1.5 a gudun 0.5 tana cin minti 50.

Haidurojin da ke yawo a filasma yana aiki biyu a nan. Yana lulluɓe saman shimfiɗar har guntayen silen su samu damar zamewa su nemi mazauni mai kyau, yana kuma kankare haɗin da bai yi ƙarfi ba, wanda ya fi yawa a ɓangaren mara tsari. Abin da ya tsira shi ne kiristal. Sakamakon shi ne ƙwayoyi da yawa kusa da juna tun daga nanomita na farko, mazuraran su haɗu da wuri.

Hidima mai kyau tana ƙara mataki guda da ya fi komai araha: a kunna filasma da haidurojin zalla, sannan a buɗe silen bayan 'yan daƙiƙu, a ɗaga shi a hankali. Wannan shi ke maganin dalili na biyu, domin babu tarin silen da zai kwararo. Sannan a wuce daga iri zuwa babbar shimfiɗa ba tare da kashe filasma ba. Wannan batu muna ɗaukarsa da muhimmanci. Idan aka kashe, aka sake cika ɗakin da silen kashi 5, aka sake kunnawa, an dawo da matsalar da aka biya kuɗi don a kawar, sai dai yanzu ta zauna a kan irin. Tambayi mai hidimar kai tsaye ko filasma na mutuwa tsakanin matakan biyu.

Inda hidimar ta yi kyau

Idan an yi shi daidai, amfanin a bayyane yake. Kason kiristal daga gefen gilashi yana matsowa kusa da na sama, FF ya gyaru, kuma amsar sel ga haske ba ta dogara sosai da ƙarfin wuta ta baya. Wani amfanin da ba a cika ambata ba shi ne maimaituwa. Ba tare da iri ba, kaurin shimfiɗar kwanci yana sauyawa daga zagaye zuwa zagaye, gwargwadon yanayin bangon ɗakin da ingancin p na ranar. Iri yana rage wannan rawa. Ga wanda ke kwatanta abu guda, kamar nau'in gilashi ko madubin baya, wannan kaɗai ya isa dalilin biya.

Akwai kuma 'yancin da yake ba babbar shimfiɗa. Da yake kiristal ya riga ya kafu, ana iya tafiyar da i a silen mai ɗan yawa, daf da iyaka, inda Voc ya fi tsayi, a yanayin da in babu iri da ya daɗe yana kwanci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan ɗanyen bai wuce nanomita ashirin ba. Ga masu gudun sauri, wato matsi mai yawa da wuta mai yawa inda ake haura nanomita ɗaya a daƙiƙa, iri ya zama kusan dole, domin kowace daƙiƙa ta rikici a farkon tana zama kauri mai yawa.

Wurin da ya fi amfani shi ne sel mai hawa biyu. A can ana gina sel na ƙasa a kan shimfiɗun da ke kwance bisa silikon mara tsari, ko bisa madubin tsakiya na silikon oksaid. Siraran n da p da ke wurin sau da yawa kiristal ɗinsu bai kafu sosai ba, don haka i ba ta samun abin kwaikwayo mai kyau.

Inda take yin rauni

Laifi mafi girma shi ne wuce gona da iri. Kiristal da ya kafu yana ci gaba da faɗaɗa yayin da shimfiɗa ke ƙara kauri. Idan aka ba shi mafari mai ƙarfi aka bar silen a lamba ɗaya har ƙarshe, saman shimfiɗar yana iya haura kashi 80 cikin 100. A nan cikon mara tsari ya ƙare, iyakoki suka buɗe, Voc ya sauka ƙasa da milivolt 500. Maganin sananne ne tun farkon shekarun 2000, lokacin da masu binciken United Solar Ovonic a Amurka suka nuna amfanin rage haidurojin a hankali yayin da shimfiɗa ke girma, don kason kiristal ya tsaya wuri ɗaya. Hidimar da ke sayar da iri ba tare da wannan ba ta sayar da rabin aiki ne. Nemi a rubuta maka matakan silen ɗin: nawa aka fara, a wane kauri aka ɗaga, nawa aka ƙare.

Irin kansa ma yana iya zama abin cutarwa. Silikon da aka yi a haidurojin mai yawa sosai yana da ramuka da lahani, kuma ya zauna a bakin p da i. Idan ya yi kauri, caji yana mutuwa a cikinsa. Za ka ga amsar shuɗin haske ta ragu, Voc ya faɗi ko da kason kiristal na tsakiya daidai yake. Shi ya sa muke ganin iri mafi siriri da ya yi aiki shi ne mafi kyau, kuma ya dace a gwada kauri uku, misali nanomita 5 da 15 da 30, maimakon karɓar abin da ke cikin girkin injin. A nan akwai wani abin lura da ke hana a yi wa mara tsari hukunci ɗaya: shimfiɗar mara tsari mai nanomita kaɗan da aka sa da gangan a bakin i tana iya ɗaga Voc, domin tana toshe lahanin wurin. Bambancin shi ne wannan an auna ta, ta kwanci kuwa ta zo ne da kanta, da kaurin da ba wanda ya zaɓa.

Sai batun gilashi. Filasma mai yawan haidurojin tana cire oksijin daga rufin tin oksaid, ta bar ƙarfen tin, rufin ya yi duhu, haske ya ragu tun kafin ya isa silikon. Zink oksaid yana jure wannan. Idan gilashinka mai tin oksaid ne, dole a fara rufe shi da siririn zink oksaid ko taitaniyam oksaid kafin a shiga p mai kiristal. Mai hidimar da bai tambaye ka nau'in rufin gilashinka ba kafin ya karɓi aikin, akwai abin dubawa a wurinsa. Haka kuma kunna filasma da haidurojin zalla a kan p yana kankare ta. Idan aka tsawaita, p mai nanomita 20 za ta sirance, Voc ya tafi da ita.

Boron matsala ce ta daban. Yana hana kiristal kafuwa, shi ya sa p mai kiristal ta fi n wahalar samu, kuma shi ya sa tsarin n-i-p bai cika fama da kwanci kamar p-i-n ba. A injin mai ɗaki ɗaya, boron da ya manne a bango da faranti yana dawowa cikin nanomita na farko na i, kuma filasmar iri mai yawan haidurojin tana taimaka masa tashi. Sakamakon shi ne filin lantarki ya raunana a bakin p da i. Injin mai ɗakuna daban na p da i da n ba shi da wannan damuwa sosai. Mai ɗaki ɗaya yana buƙatar mataki tsakani, ko dogon tsotsewa, ko shigar da tururin ruwa kaɗan don ya ɗaure boron. Tambayi wanne ake yi.

Akwai abin da iri ba ya gyarawa ko kaɗan, kuma bai kamata a yi maka alkawarinsa ba: tsagewa a kan rufi mai kaifin tudu. Zink oksaid da aka yi ta hanyar LPCVD (shimfiɗawa daga iska a ƙaramin matsi) yana da ƙananan dala masu kwari mai siffar V. Silikon da ke girma daga gefuna biyu na kwarin yana karo a tsakiya, ya bar layi mai ramuka da ke hawa har sama. Ta nan wuta ke zurarewa, ta nan oksijin ke shiga. Masu binciken Neuchâtel sun nuna cewa goge saman da filasmar argon, har kwarin ya koma siffar U, shi ke rage wannan. Idan sel ɗinka yana da ƙarancin Voc da FF a kan rufi mai kaifi, kada ka ƙara iri, gyara rufin.

Rahoton awo, inda ya fi buƙatar ido

Awon Raman shi ne ma'aunin da kowa ke amfani da shi. Silikon mai kiristal yana ba da siririn tudu a zanen awon a 520 cm⁻¹, mara tsari yana ba da faffaɗa a 480, akwai kuma na tsakiya kusa da 510 daga ƙananan ƙwayoyi da iyakokinsu. Ana haɗa faɗin na 520 da na 510 a raba da jimillar ukun. Lambar da ta fito ma'aunin kwatance ce, ba ainihin kason girma ba ne, domin nau'ukan biyu ba sa amsa leza daidai da juna. Saboda haka lambar ɗaki ɗaya ba lallai ta yi daidai da ta wani ba sai sun bi hanyar lissafi ɗaya.

Abin da ya fi damun mu shi ne zurfin da lezar ke gani. Koriyar leza ta nanomita 514 tana karanta kusan nanomita 50 a mara tsari, ɗari da wani abu a mai kiristal. Ja ta 633 tana kai kusan rabin maikromita. Shimfiɗarka maikromita ɗaya zuwa biyu ce. Idan aka haska koriya daga sama, an auna ƙarshen girma ne kawai, wurin da ya fi nisa da iri. Rahoton da ya zo da lamba ɗaya daga sama bai ce komai ba game da abin da ka biya. Abin da ya kamata a ba ka shi ne awo daga gefen gilashi da awo daga sama, da leza ɗaya, a wuri ɗaya, kafin a ɗora ƙarfen baya ko a gefensa. Tazarar da ke tsakanin lambobin biyu ita ce shaidar aikin. Idan an gina a kan ƙarfe ko madubin azurfa, ba a iya haskawa ta ƙasa, sai dai a yi jerin samfura masu kauri daban-daban, ko a riƙa cinye shimfiɗar da sinadari mataki-mataki ana aunawa.

Kula da ƙarfin lezar. Idan ya yi yawa yana dumama wurin, tudun 520 ya matsa ƙasa, a mafi muni ma ya mayar da mara tsari kiristal a ƙarƙashin madubin awon, a ba ka lambar da lezar ce ta ƙirƙira. Rahoto mai kyau yana faɗin ƙarfin da aka yi amfani da shi, da cewa an daidaita na'urar da weifar silikon.

Kuskure na uku shi ne samfurin shaida. Ana yawan ajiye guntun gilashi tsirara kusa da samfurin gaske, a auna shi a madadinsa. Wannan ya isa don auna kauri, amma bai isa ga kiristal ba, tunda mun ga cewa abin da ke ƙasa shi ke yanke yadda girma ke farawa. Gilashi tsirara zai nuna kwanci mai kauri inda sel ɗin ba shi da shi, ko ya sa a ƙara iri fiye da buƙata. A auna a kan sel ɗin kansa.

Wasu ƙarin awo suna da daraja idan ɗakin yana da su. Awon hasken filasma a lokacin aiki, layin SiH (guntun silen) a nanomita 414 da na haidurojin a 656, yana nuna ko silen ya yi tsalle a daƙiƙun farko. Layin da ya tashi sama ya sauko yana nufin kwararar nan ta faru. Awon XRD, wato na hasken X-ray, da bututun tagulla yana ba da tudu a digiri 28.4 da 47.3 da 56.1, kuma rinjayen na 47.3, wato fuskar kiristal da ake kira 220, shi ake dangantawa da silikon mai kyau ga sel. Awon infrared kuwa yana tona ramuka: siraran tudu kusa da 2100 cm⁻¹ alama ce ta iyakokin da ke buɗe, waɗanda za su sha oksijin bayan an fito da samfurin. Oksijin a wannan silikon yana aiki kamar ƙarin n, kuma idan ya haura kusan atom 10¹⁹ a santimita kubik, amsar jan haske tana raguwa. Saboda haka a sake auna sel ɗin bayan ya yi makonni a iska. Wanda ya wuce gona da iri yakan yi kyau a ranar farko, ya sauka daga baya ko da a duhu aka ajiye shi.

Kada a rikita shi da wani iri

Kalmar iri tana da ma'ana ta biyu a wannan fage, kuma ya kamata a tabbatar wanne ake nufi kafin a ba da aiki. A hanyar da ake amfani da alminiyam, ana shimfiɗa alminiyam a kan gilashi, a ɗora silikon mara tsari, a gasa a zafin da bai kai digiri 577 ba, yawanci tsakanin 400 da 550. Shimfiɗun biyu suna musayar wuri, silikon ya sauka ƙasa ya zama manyan kiristal masu faɗin maikromita goma ko fiye. A cire alminiyam, a gina kauri a kai. Wannan sel ne na daban gaba ɗaya, yana buƙatar gilashi mai jure zafi, kuma irin yana fitowa cike da alminiyam, wato p mai ƙarfi. Hidimar da muke bita ba ita ba ce.

Wa ya kamata ya saya

Mai gina sel mai hawa biyu ko uku, da mai gudun sauri, da mai amfani da injin mai faffaɗan ɗaki, su ɗauki zaɓin. Haka wanda ke shimfiɗawa kai tsaye a kan gilashi ko oksaid don nazarin silikon ɗin kansa, domin in babu iri rabin samfurinsa na ƙasa ba zai yi kama da abin da ke cikin sel ba. Wanda ke da p mai kiristal sosai a kan zink oksaid, yana kuma tafiya a hankali a injin mai ƙaramin ɗaki, p ɗinsa ta riga ta zama iri. Jinkirta buɗe silen na iya isarsa, ƙarin shimfiɗa kuwa na iya sauke masa Voc.

A oda ta farko, nemi samfura huɗu daga gilashi ɗaya a rana ɗaya: ɗaya babu iri, ɗaya da jinkirta silen kawai, ɗaya da iri da silen a tsaye, ɗaya da iri da silen mai hawa. Kowanne ya zo da Raman ta fuska biyu, da Voc da FF da wutar da ya bayar, da amsar launuka a sifili da kuma a volt ɗaya ta baya. A rubuta wurin da kowane samfuri ya zauna a kan faranti, domin a mitar VHF, wato mita mai tsayi kamar 40.68 ko 70 MHz, kason kiristal na tsakiya da na gefe suna iya bambanta, kuma wannan bambanci kaɗai yana iya rufe tasirin irin idan aka ajiye samfuran barkatai.